Darasi na 9: Ƙananan Macizan Unguwar Filato da Yadda Ake Gane Su

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi za ku iya:

1. faɗin abin da ke jawo macizai cikin gidajen unguwa;
2. duban maciji daga nesa, ku lura da alamunsa ba tare da kun taɓa shi ba;
3. bambanta kububuwa, bida, ɗan kumurci da ɗan kasa da ƙananan macizai marasa illa;
4. sanin abin yi da abin bari idan maciji ya sari mutum.

1. Me maciji ke nema a tsakiyar birni?

Filato tsohuwar unguwar ma'aikata ce a Yamai. Tun da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram aka maido shi nan a 1926, a kan wannan tudu ake gina ofisoshin gwamnati da manyan gidaje masu fili. Wanda ya ga kwalta da dogayen katangu zai zaci maciji ba shi da mazauni a wurin. Amma a dubi kewayen unguwar: ga kogin Isa da lambunan da ke bin gaɓarsa ta wajen Yantala, ga kwarin Gunti Yena da ciyayinsa da ruwansa. A cikin unguwar kuma akwai gidajen da ake yi wa furanni ban ruwa safe da yamma ko da bazara, da filayen da ba a gina ba, da tarin bulo da ya shekara a wuri guda, da gidajen haya da suka daɗe a kulle, da magudanan ruwa da shara ta toshe.

Abu uku maciji ke nema: abinci, maɓoya da laima. Inda ake ban ruwa akwai kwaɗi. Inda ake ajiye hatsi ko zubar da sauran tuwo akwai ɓeraye. Jikin katanga kuwa ba ya rabo da ƙadangaru da tsaka. Waɗannan maciji ke bi. Ba shi da buƙatar komai wurin mutum, kuma in ya sami hanyar gudu, gudu yake yi.

An fi ganin ƙananan macizai da damina, daga Yuni zuwa Satumba, da farkon kaka. Ruwa yana cika ramukansu su fito, kuma lokacin ne ƙwai da yawa ke ƙyanƙyashewa. A shekarun ambaliya irin su 2012, 2020 da 2024, duk abin da ke zaune a gaɓar kogi da cikin kwari tudu yake nema.

A 2015 wasu masana biyu, Jean-François Trape da Youssouph Mané, sun wallafa jerin macizan Nijar bayan sun binciki guda 1,714 da aka tattaro daga sassan ƙasar. Sun ƙirga iri 51. Mafi yawansu ba su da dafin da zai kashe mutum. Ke nan sau da yawa macijin da aka yi wa taron dangi da sanduna a ƙofar gida, mai rage mana ɓeraye ne aka kashe. Asara ce, kuma wajen ƙoƙarin kisan ne mutane da dama ke samun sari.

Sai dai akwai kuskuren da ya fi wannan tsada, wato a raina maciji don an gan shi ƙarami. Ƙaramin maciji iri biyu ne. Akwai wanda haka Allah ya yi shi, ko ya tsufa ba ya wuce taƙi ɗaya ko biyu. Akwai kuma ɗan babban maciji wanda bai gama girma ba. Ɗan maciji mai dafi da dafinsa yake fitowa tun ranar farko. Kuma macijin da ya fi kowane kashe mutane a yankinmu, ko babbansa da wuya ya wuce kamu ɗaya da rabi.

> AKWATI NA 1: Muhimman kalmomi
> Dafi: ruwan guba da wasu macizai ke zubawa cikin jiki ta haƙori idan sun yi sari.
> Fiƙa: dogon haƙorin da dafi ke bi ta cikinsa.
> Ɓawo: abin da ya lulluɓe fatar maciji jere-jere, irin wanda ake kankarewa a jikin kifi. Na wani sumul yake, na wani yana da kaushi.
> Taƙi: faɗin hannu in an ware yatsu, kimanin santimita 20.
> Kamu: daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kimanin santimita 45 zuwa 50.

2. Ido ke gane maciji, daga nesa

Kafin komai, ku ja da baya taku huɗu na babban mutum, wato kimanin mita 3. Sarin maciji yawanci ba ya wuce rabin tsawon jikinsa, amma kumurci yana feso dafi har mita 2 zuwa 3, shi ya sa aka ba da wannan tazara. A janye yara da dabbobi. In dare ne a haska tocila. In akwai waya mai kyamara a ɗauki hoto daga inda ake tsaye, a jawo hoton kusa, kada mutum ya matsa da ƙafarsa.

Daga nan sai ku yi wa kanku tambayoyi. Jikinsa siriri ne dogo, ko gajere ne mai kauri? Kansa ya fi wuyansa faɗi, ko kai da jiki duk ɗaya suke? Wutsiyar doguwa ce mai sirancewa a hankali, ko guntuwa ce? Fatar tana sheƙi ko tana da kaushi, kuma wane zane ke bayansa? Tambayar da ta fi duka amfani ita ce: me ya yi da ya gan ku? Ya zura da gudu, ya fasa kai, ya kumbura yana huci, ko ya naɗe yana goga jikinsa? A ƙara da lokaci da wuri: rana ko dare, kan bishiya ko ƙarƙashin bulo.

Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci. Kun sha jin ana cewa duk maciji mai kai mai kusurwa uku dafi gare shi, mai zagayayyen kai kuma ba shi da komai. Wannan magana ta ja wa mutane da yawa. Kan kumurci da na bida ba su da kusurwa uku, ga shi kuwa dafinsu ba wasa. Akwai kuma wani ɗan maciji mai cin kwaɗi, mai fararen leɓɓa, da ke baje kansa ya zama mai kusurwa uku don ya tsorata abokin gaba, alhali sarinsa ba ya yi wa mutum wata illa. Haka batun ido: ana cewa mai tsagaggen baƙin ido irin na kyanwa shi ne mai dafi. Macijin gida mai cin ɓera idonsa tsagagge ne, ba shi da dafi ko kaɗan. Kumurci baƙin idonsa zagaye ne. Ban da haka ma, wanda ya matsa har yana ganin tsakiyar idon maciji ya riga ya wuce iyaka.

3. Kububuwa

In za ku manta da duk macizan wannan darasi, kada ku manta da wannan. Wasu suna ce mata gobe-da-nisa. Tsawonta yawanci santimita 30 zuwa 60 ne, ƴaƴanta kuma suna fitowa daga ƙwai ba su fi santimita 10 zuwa 15 ba. Launinta na ƙasa ne, ko ruwan toka, ko jaja-jaja irin na rairayi, da jerin tabo masu haske a tsakiyar baya waɗanda duhu ya kewaye. Kanta gajere ne mai ɗan faɗi a kan siririn wuya, idanunta manya ne kusa da hanci, wutsiyarta guntuwa. Fatarta ba ta sheƙi, kaushi gare ta. A kan busasshiyar ƙasa ko cikin tsakuwa, mutum zai iya kallon wurin da take bai gan ta ba.

Babbar alamarta ita ce halinta. In an takura ta ba ta cika gudu ba. Sai ta naɗe jikinta lanƙwasa-lanƙwasa, kai a tsakiya, ta riƙa goga ɓawon haƙarƙarinta da juna. Ƙarar da ke fita kamar ta ruwan da ya ɗiga cikin tafasasshen mai take. Ba da baki take yin ta ba, da jiki ne. Wanda ya ji wannan ƙara cikin duhu ya tsaya cak, ya haska, ya ja da baya, domin sarinta ya fi ƙiftawar ido sauri.

Da rana tana kwance ƙarƙashin duwatsu, bulo, itacen girki ko tarin kara. Da magariba take fitowa, musamman bayan ruwan sama, tana farautar ɓeraye, ƙadangaru, kunamu da shanshani.

Iri biyu aka fi sani a Nijar. Ta farko cikinta fari ne tas babu ɗigo, ita ce ta busasshen yanki irin namu. Masana suna kiranta *Echis leucogaster*, kuma wani mai bincike, Benigno Roman, shi ya fara bayyana ta a 1972 daga wadda aka kama a Bubon, garin nan na masu ginin tukwane da ke bakin kogi a hanyar Tillaberi. Wato ƴar gida ce, ba baƙuwa ba. Ta biyu cikinta yana da ɗige-ɗige baƙaƙe, ta fi son kudu inda ruwa ya fi yawa. Wannan bambanci na masana ne. Kada wani ya juya kububuwa don ya ga cikinta, dukansu kisa suke yi.

Abin da ya sa ta fi haɗari shi ne yadda dafinta ke yaudarar mutum. Da farko zafi ne da kumburi kawai. Wanda aka sara yana magana, yana cin abinci, har ya ce ya ji sauƙi. Amma dafin yana can yana lalata abin da ke sa jini ya daskare. Bayan wasu awoyi, wani lokaci bayan kwana ɗaya ko biyu, sai jini ya fara fita ta dasashi, ta hanci, cikin fitsari, ko daga wani tsohon rauni da ya fara warkewa. Yana iya zuba cikin ciki ko cikin ƙwaƙwalwa inda ido ba ya gani. A garin Kaltungo na jihar Gombe a Najeriya akwai asibiti musamman na saran maciji, kuma mafi yawan waɗanda ake kwantarwa a can kububuwa ce ta sare su.

4. Mai kwaikwayon kububuwa

Akwai wani maciji da ƙwan tsuntsaye kaɗai yake ci. Yana haɗiye ƙwai ɗungurungum, wasu ƙasusuwa a maƙogwaronsa su fasa shi, ya shanye ruwan, ya amayar da ɓawon. Kusan ba shi da haƙora, dafi kuwa babu. Irin da ke yankin Sahel, masanan nan biyu, Trape da Mané, su ne suka ba shi suna *Dasypeltis sahelensis* a 2006. Da yake ba shi da makami, sai ya ari rigar kububuwa: launi kusan ɗaya, tabo kusan ɗaya, har goga jikin da ƙarar yana yi, yana kai sarin ƙarya da baki buɗe.

Kama da wane ba ta wane. Shi jikinsa siriri ne, kansa ƙarami ne da kaɗan ya fi wuya, wutsiyarsa ta fi tsawo, kuma yana hawa bishiya neman sheƙa. To amma a gaskiya wannan bambanci sai wanda idonsa ya saba, kuma da hasken rana. Ga mai koyo, duk macijin da ya goga jikinsa ya yi ƙara, a ɗauke shi kububuwa.

*Misali na 1.* An ɗauke ruwa bayan isha'i. Wani dattijo mai gadi a wani gida kusa da kwarin Gunti Yena ya ji ƙara daga tarin bulo. Ya haska, ya ga maciji kamar taƙi biyu a naɗe, launin ƙasa. Ɗan mai gidan ya ce, "Baba, ai ɗan ƙarami ne, bari in ɗauko sanda." Dattijon ya ce, "A'a ɗana, tsaya nan bayana. Ka ji ƙarar nan? Ka ga bai gudu ba?"

Mu bi alamun tare. Lokaci: dare, bayan ruwa. Wuri: tarin bulo. Jiki: gajere, ba sheƙi. Hali: naɗewa da goga jiki. Duk huɗun kububuwa suke nunawa. Abin yi: a hana kowa bin wurin, a ɗauki hoto daga nesa, a nemi ma'aikatan gandun daji ko wanda ya san aikin kama maciji, sannan da rana a kwashe bulon da shebur da takalmi mai rufi, ba da hannu tsirara ba.

5. Masu duhu da sheƙi: bida, makahon maciji da macijin gida

A nan ne hannu ya fi jawo wa mutane. Macizai uku ne masu kama da juna, biyu ba su da illa, ɗaya tana iya cin yatsa.

Makahon maciji a ƙarƙashin ƙasa yake rayuwa, yana cin ƙwai da ƴaƴan gara da tururuwa. Mafi ƙanƙantarsa santimita 10 zuwa 20 ne, siriri ƙwarai, launinsa ruwan ƙasa ko jaja-jaja. Ana tarar da shi a tukunyar furanni, a makewayi, ko wajen haƙa. Mutane kan ɗauka tana ce. Ita tana jikinta jiƙe yake, tana miƙewa tana tsukewa. Shi kuwa jikinsa a bushe yake yana sheƙi, yana tafiya a karkace irin ta maciji, kuma in an lura za a ga ɗan harshe na fita. Ba shi da dafi. Akwai kuma babban irinsa mai kaurin yatsa.

Macijin gida launinsa baƙi ne ko ƙasa-ƙasa mai duhu, wani da farin layi a gefen kai. Kansa ya fita daban da wuya, idanunsa a fili suke, wutsiyarsa tana sirancewa a hankali. Da dare yake yawo, yana shiga ɗakin ajiya da madafa yana naɗe ɓeraye ya haɗiye. Mai shagon hatsi ba shi da mataimaki kamarsa.

Sai bida, wadda masana ke kira *Atractaspis*. Baƙa ce ko mai duhun ƙasa, sumul, tana sheƙi, tsawonta yawanci santimita 30 zuwa 60. Kaurinta ɗaya ne tun daga kai har kusan ƙarshe, ba ta da wuya, idanunta ƴan mitsi-mitsi ne, wutsiyarta guntuwa ce mai ɗan tsini. Wannan siffa ce ta sa ake cewa kai biyu gare ta, ko kuma da wutsiya take harbi. Kanta ɗaya ne, tsinin wutsiyar kuma ba dafi a cikinsa. In an takura ta takan lanƙwasa wuya ta kafa hanci a ƙasa.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: fiƙoƙin bida dogaye ne, a kwance suke cikin baki. Ba sai ta buɗe baki ba, sai ta zaro ɗaya ta gefe ta soka shi ta baya. Saboda haka riƙon bayan kai, wanda gardawa ke yi wa sauran macizai, ba ya aiki a kanta. Duk inda aka riƙe ta tana iya kai wa yatsa. Sarinta yana da zafi mai tsanani da kumburi, wani lokaci naman yatsa ya ruɓe. Ba kasafai take kisa ba, amma ga ƙaramin yaro abin na iya yin muni. Da dare take fitowa bayan ruwa, masu tafiya ba takalmi da masu kwana a ƙasa su ta fi samu.

A wurare da dama sunan bida ɗaya ake kiran ta da shi da babban makahon maciji, don ido bai cika raba su ba. Shi ya sa ƙa'idar take da sauƙi: maciji mai duhu mai sheƙi ba a ɗaukarsa da hannu, kome ƙanƙantarsa.

*Misali na 2.* Da safe wata yarinya mai aikin gida ta ɗaga tukunyar furanni ta ga wani abu siriri, jaja-jaja, bai kai taƙi ba, yana mutsu-mutsu. Ta ce, "Hajiya, tana ce ko maciji?" Uwar gidan ta leƙa ta ce, "Kada ki sa hannu, ƴata. Ɗauko tsintsiya mai dogon mariƙi da bokiti." Jikinsa bushe, yana sheƙi, ga harshe: makahon maciji ne. Suka share shi cikin bokiti suka zuba a gindin bishiya. Da a ce baƙi ne mai kaurin yatsa, da sai su bar shi inda yake, su ɗauke shi a matsayin bida.

6. Ƴaƴan manya: kumurci da kasa

Ɗan kumurci, wanda wasu ke ce wa gamsheƙa, yana fitowa daga ƙwai da tsawon taƙi ɗaya ko fiye kaɗan. Sau da yawa jikinsa ruwan toka ne, kai da wuya baƙi, da jan zobe a maƙogwaro. Tun yana haka yake ɗaga gaba ya fasa kai, kuma yana feshi. Yana son akurkin kaji da wurin kwaɗi, yana kuma shiga ɗaki da dare. In dafinsa ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a yi ta zubawa kamar minti 15 ido a buɗe, kada a murza, sannan a tafi asibiti. A kan lafiyayyar fata dafin ba ya komai, wankewa kawai za a yi.

Kasa ba ta yin ƙwai a waje, haihuwa take yi, kuma takan haifi 20 zuwa 40 a lokaci guda. Ɗanta bai kai taƙi ba amma ga kauri, ga faffaɗan kai, da zane mai haske mai siffar V jere a bayansa. Ba ya gudu. Yana kwance shiru har a taka shi, ko ya kumbura yana huci da ƙarfi. Dafinsa yana kawo kumburi mai yawa da ruɓar nama. In an ga ɗan kasa ɗaya a fili, a duba da kyau, mai yiwuwa ƴan'uwansa na kusa.

7. Sauran da za ku iya gamuwa da su

Dogon siririn nan mai manyan idanu da ke wucewa fuu da tsakar rana yana bin ƙadangaru, dafinsa kaɗan ne, ba ya kisa. Damatsiri, koren nan na bishiyoyin lambu da bakin ruwa, kwaɗi da ƙadangaru yake ci. Akwai kuma gajeren macijin rairayi mai kauri, rawaya-rawaya da manyan tabo masu duhu da ƴan ƙananan idanu, dangin mesa ne, ba shi da dafi. Dukansu in an ba su hanya wucewa suke yi.

8. Idan an yi sari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara. A 2017 ta sa shi cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-macen da nakasar da rabi kafin 2030. Babban abin da ke ƙara yawan mutuwar shi ne jinkirin zuwa asibiti.

> AKWATI NA 2: Muhimman kalmomi
> Makarin dafi: maganin asibiti da ake sawa ta jijiya don karya ƙarfin dafi. Shi kaɗai aka tabbatar yana wannan aiki.
> Gwajin minti 20: a zuba ɗan jinin majiyyaci cikin busasshiyar kwalba mai tsabta a ajiye. In bayan minti 20 bai daskare ba, alama ce ta dafi irin na kububuwa.

A ɗauke mutumin daga inda macijin yake, a kwantar masa da hankali. A cire zobe, agogo, munduwa da takalmi kafin kumburi ya kama su. A sa wa hannun ko ƙafar karan ɗori don kada ta motsa, ba tare da an matse ba. Kada ya yi gudu ko doguwar tafiya, a ɗauke shi. A lura da ƙarfe nawa abin ya faru. A nufi asibiti kai tsaye. Mutanen Filato suna da sa'a, Asibitin Ƙasa na Yamai yana kusa da su, lambar ƴan kwana-kwana kuma 18 ce.

Kada a ɗaure da igiya ko roba, ɗauri yana kashe gaɓa. Kada a yi tsaga: wanda jininsa ya daina daskarewa, reza ƙofar zubar jini take buɗe masa. Kada a tsotsa, kada a ƙona. Baƙin dutsen nan da ake mannawa ba ya zuƙe dafi, lokaci kawai yake ci. Kada a ba shi asfirin, ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara zubar jini. In zafi ya yi yawa parasitamol ya isa. Addu'a ana yin ta a cikin mota, a kan hanya.

Kada a tsaya farautar macijin. Hoto ya wadatar, in babu ma likita yana gane irin dafin daga alamun jiki da gwajin jini. In an riga an kashe shi a ɗauka da sanda a sa cikin abu mai murfi, domin kan mataccen maciji yana iya sari. Ko mutum ya ce ya ji sauƙi, ya zauna a asibiti har likita ya sallame shi.

Gyaran gida kuma yana rage haɗuwar tun farko: a ɗaga itace da bulo daga jikin ɗaki, a toshe ƙasan ƙofa, a rufe hatsi da shara, a yanke ciyawa. Mai kwana a waje lokacin zafi ya hau gado ya cusa gidan sauro ƙarƙashin katifa. Mai fita da dare ya sa takalmi mai rufi ya riƙe tocila, da safe kuma a kakkaɓe takalmi kafin a sa ƙafa.

Tambayoyin bita

1. Waɗanne abubuwa uku maciji ke nema a gida? Ku faɗi wuri ɗaya a gidanku ko wurin aikinku da ya haɗa biyu daga cikinsu.
2. Taku nawa ya kamata a bari tsakanin mutum da maciji? Me ya sa?
3. Ku kawo dalili biyu da ke nuna siffar kai kaɗai ba ta isa a gane maciji mai dafi ba.
4. Da me kububuwa ke yin ƙararta? Wane maciji ne ke kwaikwayonta, kuma me yake ci?
5. Me ya sa wanda kububuwa ta sara zai iya ganin kamar ya warke alhali yana cikin haɗari?
6. Yaya za ku raba makahon maciji da tana?
7. Gaskiya ko ƙarya: (a) bida da wutsiya take harbi; (b) ɗan kumurci ba shi da dafi sai ya girma; (c) kasa haihuwa take yi; (d) baƙin dutse yana zuƙe dafi.
8. Mai ban ruwan lambu ya ga baƙin maciji mai sheƙi, mai kaurin yatsa, ba wuya, ya kafa hanci a ƙasa. Ya ce zai riƙe shi ta bayan kai. Me za ku gaya masa?
9. Maƙwabcinku ya taka maciji da dare, ƙafarsa ta fara kumbura, wani ya kawo reza da igiya. Ku faɗi abin da za ku yi, ɗaya bayan ɗaya, har ku isa asibiti.
10. Aikin gida: ku tambayi wani dattijo ko dattijuwa a unguwarku sunayen ƙananan macizan da suka sani da siffar kowane. Ku rubuta uku, ku gwada su da alamun da ke cikin wannan darasi, ku kawo aji mako mai zuwa.